Mi Ad Dalili, Malam Uba?

In kana neman mutumin da bai taɓa kai kunya guda ƙarshenta ba amma ya fi kowa sanin noma, bai taɓa ɗaure akuya ba amma ya fi Fulani sanin dabba, to ka nufi Danwarai ta ƙasar Aliero ka tambayi Malam Uba. Kai, ba sai ka tambaya ba ma, muryarsa za ta tarye ka tun daga bakin gari. Matarsa Zulaiha ce ke riƙe da gidan da suyar ƙuli-ƙuli da ɗan kiwonta a bayan ɗaki, wurin da Uba ba ya leƙawa, don a cewarsa warin turke yana dakushe basira. Shi aikinsa guda ne: ya zauna teburin Ɗan'azumi mai shayi, ya miƙe ƙafa, duk abin da aka wuce da shi ya yanke masa hukunci.

Ana nan sai ƙungiyar manoma da makiyaya ta Jega da Aliero da Maiyama ta ce tana neman alƙali na dindindin, wanda zai riƙa jera na ɗaya da na biyu a gasar amfanin gona da dabbobi. Wanda ya samu aikin za a ba shi sabon babur. Mutum biyu suka fito: Uba, da wani Zayyanu na Maiyama, mai nauyin baki, wanda kafin ya gama sallama ka sha ruwa ka dawo. Aka ce za a gwada su a Maiyama kan gero, a Aliero kan albasa, a ƙare a kasuwar Jega kan raguna.

Tun ranar Uba ya gama hawa babur ɗin a zuci. Ya je ya samo hular kwano ya kifa a kai, da ita yake zuwa shan shayi, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa.

Ɗan'azumi ya ce, "Malam Uba, ina babur ɗin? Hula ɗai muka gani."

"Shina tahe. Alƙalanci gado na gare ni. Ni da ka gani, in na dubi rago sau guda, sai in hwaɗa maka abin da uwatai tac ci."

"To, Allah shi kawo. Amma cire kwanon ga ka sha shayi, ruwa na zuba ga riga."

Gaskiyar magana, Uba ya taɓa yin alƙalanci a 'yan ƙananan gasannin ƙauye, kuma yana da dabara ɗaya tak. Ba ya duban kaya, mai kaya yake duba. Mai babbar riga na ɗaya, mai jamfa na biyu, mai tsohuwar singileti ya jira baɗi. Sai ya nuna da sanda, a yi tafi, a watse. Da wannan ilimi ya ɗauki hanyar Maiyama yana taƙama.

A can ya tarar da abin da bai yi shirinsa ba. Wata ma'aikaciyar gona, Madam Phoebe, ita aka ɗora wa tsara gasar, kuma ta zo da dokoki biyu. Ta ce masu kaya su koma cikin jama'a, kada alƙali ya san na wane ne wannan. Sannan in ya jera, sai ya karɓi lasifika ya gaya wa kowa dalilin da ya sa wannan ya fi wancan.

Uba ya gyara zaman hular kwanonsa. Ya ce, "Madam, alƙali ba ya ba da dalili. Ido na. Baiwa ta."

Ta ce, "To baiwar ta yi magana, mu ma mu ƙaru."

Ga ƙwarya-ƙwarya na gero an jera a tabarma, ba riga ba singileti. Uba ya zaga, ya zaga, ya ɗiba ya shinshina, ya kai kunne kamar geron zai raɗa masa sunan mai shi. Can gefen tabarma ya hangi wata ƙwarya da ƙwayoyinta suka fi na kowa girma, sun yi bul-bul suna sheƙi. Ya buga mata sanda, ya ce ga ta ɗaya.

Wani daga cikin taro ya ɗaga murya, "Mi ad dalili?"

Uba ya gyara tsayuwa. "Dalili? Ku dubi ƙwaya! Wanga gero ya sha taki, ya sha addu'a. Ku taɓa ku ji sanyi nai. Geron da ad da sanyi haka, gonar tana da albarka tun daga kakanni."

Bai rufe baki ba sai ga wata tsohuwa ta ratso mutane tana faɗa. "Wa at taɓa mini gero? Jiƙo na, na aje in sha inuwa kahin in kai niƙa. Kunun suna za mu yi!" Ta ɗauke ƙwaryarta ta aza a kai, ruwan jiƙo yana ɗiga, ta harari Uba ta wuce.

Wurin ya ɗauki dariya har masu babura suka kashe inji don su ji. Uba ko gezau. Ya ce gwada su ya yi, ya ga ko Maiyama akwai masu lura. Shi kuwa Zayyanu da aka ba shi lasifika, ya jera geronsa daidai, amma kafin ya fitar da dalili guda rabin mutane sun tafi sallar azahar. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulhadi, mutum ne mai son a yi masa kirari, kuma Uba ya zuba masa shi tun da safe. Don haka Alhaji ya ce a bar maganar, a haɗu Aliero.

To, mutanen Aliero kuwa kowa ya san ba a yi musu wasa da albasa. Da Uba ya iso da hular kwanonsa, labarin jiƙo ya riga shi zuwa, har matasa suna tambayarsa ko a jiƙa masa albasar kafin ya fara. Ya yi kamar bai ji ba. Ya karɓi lasifika ya sanar cewa alƙalin gaske da haƙori yake gwada albasa, kuma idonsa ba ya kawo ruwa. Ya ɗauki wata ja, 'yar ƙarama mai tauri, ya gantsara.

Wayyo! Albasar ta hau masa kai. Hanci ya ɓalle, ido ya rufe. Ya kai hannun da ya riƙe albasar ya murza idon, abin ya ƙaru. Ya jawo gilashin hular ya rufe fuska don kada a ga hawaye, sai ya kulle kansa da yajin a ciki. Aka ji yana tari a cikin kwano.

Ɗan'azumi, wanda ya rufe teburinsa musamman don ya zo kallo, ya ce, "Malam Uba, kuka kaka yi?"

"Tausai na! Tausan manoma ya kama ni!"

Da ido ya ƙi buɗuwa sai ya koma lalube. Ya shafa wannan tsibi, ya shafa wancan, har hannunsa ya faɗa kan wata ƙatuwar albasa mai cika tafi biyu. Ya ɗaga ta sama, ya ce tsibin da ta fito shi ne na ɗaya.

Wannan karon ba mutum ɗaya ba, taron gaba ɗaya ya amsa, "Mi ad dalili?"

"Girma! Sannan ga taushi. Albasa mai taurin kai ba ta da tarbiyya. Ranka shi daɗe, dubi yadda taka karɓar yatsa." Ya matsa kusa da Alhaji Abdulhadi, ya danna babban yatsa. Ashe cikinta ya daɗe da ruɓewa. Ta fashe fat, baƙin ruwa ya yi tsalle ya sauka a gaban farar shaddar Alhaji, wari ya tashi har na bayan taro suka toshe hanci.

Wani dattijo manomi ya ce, "Wagga tun wurin tsinta munka yar da ita, wa am maido ta?"

Uba ya durƙusa yana goge rigar da hannun rigarsa, yana ƙara shafe ta. Yana gogewa yana kirari, wai ko ruɓaɓɓiyar albasa ta san babban mutum, shi ya sa ta tsallake kowa ta gaishe shi. Alhaji ya daure, ya ce da haƙora a cije, "Jega ta raba gardama. Wanda yaf hi iya raguna, shi ad da babur."

Ranar kasuwar Jega, Uba ya yi sammako, bai ko tsaya sauraron Zulaiha da ke cewa tana da magana ba. Ya ce maganar mata ta jira har ya dawo a kan babur. Ya yi wa kansa alkawari yau ba za a mamaye shi ba: in an hana shi ganin masu kaya a fili, ai ba a hana shi laɓewa ba. Ya samu bayan wata motar hatsi ya maƙale yana leƙen masu sauke dabbobi.

Ya ga an sauke wani rago uda, gaba baƙi baya fari, daga motar Alhaji Abdulhadi. Ragon dai ga shi nan, ba yabo, ƙashin baya a waje, yana ɗan tari. Uba ya ce a ransa, na ɗaya ya samu. Da aka jima kuma ya hangi wani farin rago a ɗaure, tas da shi an wanke shi da sabulu, ƙato, wuya ya yi kauri, ƙaho ya murɗe, in ya motsa kitse na rawa. Ga Zayyanu tsaye kansa yana shafa bayansa yana gyaɗa kai. Uba ya yi murmushin mugunta. Wato na gidan Zayyanu ne! To yau zai haɗa mai rago da rago ya tura su ƙarshe.

Aka kafa fili kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi. Dillalai suka bar ciniki, mahauta suka zo da wuƙaƙensu a kugu, mata masu kiwo suka tsaya gefe guda. Ga babur an kafe shi a tsakiya, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. Uba ya wuce ta kusa da shi ya shafa tankin, ya ce masa, "Yi haƙuri, yanzu mu tahi gida."

Shi aka fara kira. Bai ɓata lokaci ba. Ya ja mai tari ya kai gaba, ya jera sauran yadda hannu ya kama, ya tura farin ƙato can ƙarshe. Nan take filin ya fashe.

"Mi ad dalili? Mi ad dalili?"

Uba ya ɗaga hannu. "Ku natsu ku sha karatu. Wanga na ɗaya, ku dubi ƙirar jiki nai. Ba shi da nauyin banza. Rago na mai kamun kai, ba shi ci sai da lalura."

Ragon ya yi tari, ƙoho-ƙoho.

Wani mahauci ya ce, "Tarin fa?"

"Wane tari? Gyaran murya na. Dabbar babban gida ba ta kuka sai ta gyara murya."

Alhaji Abdulhadi ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ko shi kunya ta kama shi, don ragon nan cike gurbi aka kawo shi ya yi.

Madam Phoebe ta ce, "Mun ji na ɗaya. Saura na ƙarshe. Kowa a nan yana ganin farin ya fi duka. Me ya kai shi baya?"

Nan ne Uba ya ji daɗin bakinsa. Ya zaga ragon, ya danna cikinsa, ya girgiza kai kamar likita. "Ku talakawan ido, ƙiba kuka gani. Ni kumburi nika gani. An ɗura mai kanwa da gishiri, yash sha ruwa har yak kumbura. Gobe war haka sai ya sace kamar tayar keke. Wanga ba kiwo na ba, ha'inci na!"

Aka ɗauki salati. A kara, kalmar ha'inci ba abin wasa ba ce, don da amana ake cin abinci a wurin. Alhaji ya ɗago kai ya ce in haka ne, gidan da ragon ya fito ba su ba ƙungiya har abada.

Madam Phoebe ta ce, "Malam Uba, ka tabbata? Magana ce mai nauyi. Ka sake dubawa."

"Madam, ni ba ni duba abu sau biyu." Ya saci kallon Zayyanu, ya ga yana ƙoƙarin buɗe baki, sai ya yi sauri ya toshe masa hanya. "Kuma kar wani shi zo shi ce mata na sunka yi, ko ba shi gida. Maigida za a kama! Namijin da za a yi kiwo cikin gidanai bai san mi aka ba dabba ba, wanga ko kaza bai kamata a ba shi alƙalancinta ba, balle babur. Ku shaida, ni nih hwaɗi!"

Taro ya amsa, "Mun shaida!"

Madam ta ce, "To, mai farin rago ya fito."

Uba ya harɗe hannu yana jiran Zayyanu ya taka. Zayyanu bai motsa ba. Sai gefen mata ya buɗe, wata ta fito da mayafi ruwan toka, tana tafiya a hankali, fuskar nan a murtuke. Farin rago na ganinta ya fizge igiya, ya je yana goga kai a zaninta.

Ɗan'azumi ne ya fara gane ta. Ya dafe kai ya yi ihu, "La ilaha! Zulaiha ta! Matar alƙali!"

Uba ya warware hannuwan da ya harɗe. Ya dubi matar, ya dubi ragon. Shi ragon da yake hangowa a bayan ɗaki, in ya je kewaye, launin ƙasa ne. Bai taɓa zaton akwai fari a ƙarƙashin dattin ba.

Ya ce da ƙaramar murya, "Ke, mi kika yi nan?"

Zulaiha ta ce, "Shi nis so in gaya maka da sahe, kac ce maganar mata ta jira." Ta juya wajen shugaba. "Alhaji, tun yana ɗan tunkiya nika ba shi harawa da dussa da tunkuzar ƙulina. Ni ad da tashi da asuba, ni ad da ɗibar ruwa. Yau a gaban Jega duka mijina ya kira ni maha'inciya." Ba ta yi kuka ba. Ranta ne ya ɓaci iyakar ɓaci.

Madam Phoebe ta miƙa wa Uba lasifika. "Abu biyu ne, sai ka zaɓa. Ko ragon kumburi ne, gidanka ya fita daga ƙungiya. Ko lafiyayye ne, alƙali ya yi ƙarya a dalilinsa. Wanne ne?"

Uba ya dubi babur. Ya dubi Zulaiha. Ya sake duban babur, kuma wallahi babur ɗin ya fi daɗewa a idonsa.

"Kumburi na," in ji shi, "amma ba da sanina ba. Kun san halin mata..."

Filin ya ɗauka baki ɗaya, "Maigida za a kama! Kai kah hwaɗi!"

"A'a, ku tsaya! Na sake dubawa. Lahiya lau shike. Kitse na, kitse na gaske, irin na gidana!"

Mahaucin nan ya ce, "Ashe kana duba abu sau biyu?"

"To ai gwada ku niy yi..."

Bai ƙarasa ba ihu ya binne shi. Dillalai suna buga sanduna a ƙasa, mata suna tafa hannu, wani har ya faɗi zaune don dariya. Alhaji Abdulhadi ya miƙe, ya karɓe lasifikar daga hannunsa ba tare da ya dube shi ba, ya ba Zayyanu. Zayyanu ya ja farin rago ya kai gaba, ya ɗauki lokacinsa, ya ce, "Ya hi su nama." Aka yi tafi. Aka danƙa masa makullin babur, aka ba Zulaiha kyautar ta ɗaya, buhun abincin dabbobi.

Kafin Zayyanu ya gama koyon inda ake taka giya, Zulaiha ta tsayar da keke napep a bakin kara. Direba ya ɗaure buhu a baya, ta shiga, aka cicciɓa ragon aka tura shi kusa da ita, ya cika sauran kujerar. Uba ya ratso mutane da gudu, ana binsa da sowa, ya kama ƙarfen keken.

"Zulaiha, matsa mini, mu tahi gida mu yi magana."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ta cire yatsunsa daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Malam, keken ga rago yaka ɗauka, ba raggo ba. Direba, mu tahi."